Durɓi Ta Kusheyi: Ba Kowane Tudu Ne Suri Ba

'Yan uwana ɗalibai, na Gidan Kwano da na Bosso, da ma waɗanda suka gama suka bar mu da zafin Minna. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka wanda yake da lakca yanzu ya ajiye shi sai ya dawo hostal.

Na san mu nan jami'ar fasaha muke, tarihi ba fagenmu ba ne. Amma maganar da zan yi ta fi shafar mu fiye da 'yan sashen tarihi na Zariya ko Ibadan. Dalili kuwa, su rubutu suke yi a kan wuraren tarihi, mu kuwa mu ne za mu riƙe na'urar awo, mu zana taswirar unguwa, mu sa hannu a ce katafila ta shiga. Ɗan safiyo, ɗan tsara birane, injiniyan hanya, ɗan nazarin duwatsu, mai kula da filaye da gidaje, duk wani tudun tarihi da zai rayu ko ya mutu a ƙasar nan nan da shekara ashirin, ta hannun irinmu zai bi. Shi ya sa nake so mu san yadda irin wannan tudu yake da abin da ke cikinsa.

Bari in fara da wanda ya fi kowanne suna a ƙasar Hausa.

Tsakanin Katsina da Daura, a ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina, akwai wani wuri da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Kushewa dai kabari ce, jam'inta kusheyi. A wurin akwai tuddai aƙalla takwas, manya da ƙanana, waɗanda hannun mutum ne ya tara ƙasarsu. Wanda bai sani ba zai wuce ya ɗauka tsibin ƙasa ne kawai a tsakiyar gonaki. Mutanen wurin kuwa sun daɗe da sanin cewa makwancin manya ne. Tarihin baka na Katsina yana danganta wurin da Durɓawa, wato gidan sarautar farko, wanda ake farawa da Kumayau a ƙare da Sanau, wanda aka ce Korau ya kayar da shi ya karɓe mulki. Muhammadu Korau shi ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15. Har gobe akwai sarautar Durɓi a masarautar Katsina. Ke nan waɗannan tuddai sun fito ne daga zamanin da babu wanda ya zauna a wurin ya rubuta mana abin da ke faruwa. Abin da muke da shi labarin kaka da kakanni ne, sai kuma abin da ƙasa ta riƙe.

Sau biyu aka buɗe waɗannan tuddai, kuma bambancin da ke tsakanin buɗewar farko da ta biyu shi ne zuciyar maganata.

Ta farko a 1907 ce. Baturen mulki Herbert Richmond Palmer, wanda daga baya ya zama Laftanar-Gwamnan lardunan Arewa, shi ya sa aka tona, tare da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An tona, an fito da kaya. To ina kayan suke yau? Masana da suka bi sawunsu sun ce ga dukkan alamu sun ɓace. Kabarin da ya yi ɗaruruwan shekaru a rufe, ruwa da iska da yaƙe-yaƙe ba su taɓa shi ba, an buɗe shi cikin 'yan kwanaki, kuma abin da ya saura mana ɗan taƙaitaccen bayani ne. Ba za a sake tona shi ba, domin tono sau ɗaya ake yin sa.

Ta biyu a 1992 ce, ƙarƙashin wani aikin bincike na Jamusawa da Farfesa Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya jagoranta. An tona tuddai uku. A tsakiyar kowane tudu an sami mutum ɗaya tak a binne. Wannan karon ba a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya an zuba a kwando ba. An yanko ƙasar ne dunƙule-dunƙule da abin da ke cikinta, yadda komai zai zauna a inda yake, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. Shekara 15 suna can. Sai a 2007 Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta haɗa hannu da wani babban gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, aka ɗauki dunƙulen zuwa ɗakin bincike, aka riƙa buɗe su sannu a hankali. A 2011 aka baje kolin kayan a Mainz, daga baya aka dawo da su Najeriya.

Me aka samu? Kayan ƙarfe da na tagulla, kayan ado na zinariya, abin hannu na hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi da na dutse, da wuri. Saboda an bi a hankali, har ragowar tufafi da itace da fata an gane, abubuwan da in da shebur aka sa, da sun bi ƙura. An kuma sami kwanon ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya. Gwajin kimiyya ya kai wasu kayan farkon ƙarni na 14, salon ƙirar wasu kuma ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16. Wato an yi kusan shekara 200 ana binne manya a wurin.

Ku tsaya ku yi tunanin wurin nan kaɗai. Wurin da kakanninmu suka yi kuɗi da shi ba a Kogin Kwara ake samunsa ba. Dabbar teku ce, kuma mafi shaharar inda ake kwaso shi tsibiran Maldibs ne a Tekun Indiya. Kafin ya iso kabarin wani basarake a gabashin Katsina, sai ya hau jirgin ruwa, ya bi kasuwannin Larabawa, ya hau raƙumi ya ƙetare Sahara. Haka gilashi, haka kwanon. Duk wanda ya ce maka ƙasar Hausa a rufe take ba ta san duniya ba sai da Turawa suka zo, ba sai ka yi musu da shi ba, ka nuna masa abin da ya fito daga tudun nan. Sannan ga wani abin lura: tsarin binnewar na gargajiya ne, da tudu da kaya a jikin mamaci, amma wasu kayan daga ƙasashen Musulmi suka zo. Wannan yana nuna mana lokacin da al'ada da sabon addini suke haɗuwa a fada, abin da littattafai suke ba mu a layi biyu, ƙasa kuma ta ajiye shi dalla-dalla.

Wannan al'ada ta tara ƙasa a kan kabarin babban mutum ba Katsina kaɗai ta yi ta ba. Malamin nan na Andalus, al-Bakri, wanda ya kammala littafinsa a 1068 daga bayanan fatake, ya siffanta yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a yi rumfar itace, a sa shi ciki da kayan adonsa da makamansa da kwanukan abincinsa, a rufe, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu babba. A Mali an tona irin waɗannan tuddai a yankin da Kogin Kwara ya bazu. A Senegal da Gambiya akwai da'irorin duwatsu haɗe da tuddan kaburbura, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2006. A Bahrain akwai dubban tuddan Dilmun, su ma sun shiga a 2019. A Ingila, tudun Sutton Hoo da aka tona a 1939 ya fito da sawun jirgin ruwa sukutum da kayan sarauta, ya sauya yadda Ingilishi suke kallon farkon tarihinsu. Mu a Najeriya wurare biyu kaɗai muke da su a wannan jeri na UNESCO: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Osogbo tun 2005.

To yanzu maganar kariya. Durɓi ta Kusheyi yana cikin wuraren da gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun 1959, kafin 'yancin kai. Dokar farko ta kayan tarihi an yi ta a 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar da muke da ita yanzu. A takarda komai ya ji: ba a tono sai da izinin hukuma, ba a saye ko sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa, ba a fita da su waje sai da takarda, wanda ya ci karo da su kuma ya kai rahoto. Nan Jihar Neja ma muna da namu a jerin: kabarin Tsoede, wanda Nupawa suke ɗauka shi ya kafa daularsu, da kangon gidan gwamna a Zungeru, da gidan Mai Jimina a Wushishi. A cikin Minna kuma akwai gidan tarihi na ƙasa. Ina tambaya, cikinmu mutum nawa ne suka taɓa leƙa shi a shekara biyar ɗin da muke yi a garin nan?

Sai dai doka ba ta gadi da dare. Tarar da ke cikinta da darajar nairar 1979 aka rubuta ta. Kuma abin da ya fi muhimmanci, doka tana kare wurin da aka sani ne, aka auna, aka rubuta. Wanda ba a sani ba fa? Su ne suka fi yawa, kuma su ne suke ƙarewa shiru.

Ga misali daga maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Tera, an gano maƙabartar Bura a 1975, masanin ƙasar Boubé Gado ya tona ta a 1983, aka sami tukwanen binne mamata masu siffar mutane da mahaya dawaki. Da aka baje kolinsu a Turai aka ga kyansu, sai kasuwa ta buɗe. Dillalai suka shiga ƙauyuka, talakawa suka kama tono, aka birkice wurare da yawa. Haka aka yi wa mutum-mutumin Nok a shekarun 1990, da na yankin Kwatarkwashi a Zamfara. Har ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Bura cikin jan jerin abubuwan da ake gargaɗin kada a saya. Kuma kada mu ɗauka Nok maganar Kudancin Kaduna ce kawai. Yankin da aka samu irin waɗannan kaya ya miƙo har Kagara a nan jiharmu, kuma Taruga, inda Bernard Fagg ya tono murahun narkar da tama masu shekara fiye da 2,000, tana nan kusa da Abuja.

Wani zai ce, to ai kayan suna nan, ko a Faransa ne ko a Amurka, an adana su a gilashi, mene ne asarar? A nan ne nake so 'yan kimiyya su saurara, don wannan yarenmu ne. Mutum-mutumi ko kwano shi kaɗai bayani ne guda ɗaya. Abin da ke ba shi ma'ana shi ne inda aka same shi: a wane zurfi, a kan me, a ƙarƙashin me, kusa da wane ƙashi, tare da wane gawayi. Ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take, ta ƙasa ta riga ta sama. Gawayi da ƙashi da itace suna ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da yake raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 5,730, da shi ake lissafa shekarun abu. Mai tonon sata yana ɗauke abin da zai sayu, ya watsar da gawayin, ya farfasa tukunya, ya cakuɗa shimfiɗun. Kamar a ɗauki sakamakon gwajinka ne na shekara guda a goge lambobin samfur da kwanan wata, a bar maka alƙaluma zalla. Suna nan, amma ba za ka kare furojet da su ba. Wannan shi ne bambancin 1907 da 1992.

Mu dawo gida. A Jihar Neja ba ɓarawon kayan tarihi ne babban abin tsoro ba, aikin ci gaba ne, wato aikinmu. An taɓa yin abin kirki a nan. Lokacin da ake gina madatsar ruwan Kainji a shekarun 1960, an san ruwa zai cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa. Kafin tafkin ya cika a 1968, masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa sun zagaya yankin, suka rubuta wuraren da suka gani, suka tona wasu tuddan tsofaffin garuruwa a gaggauce, suka ceto abin da ya samu. Ba su ceci komai da komai ba, amma abin da muka sani game da mutanen da suka zauna a bakin Kwara a wancan yanki tun da daɗewa, daga wannan aikin ya fito. Madatsar ta ginu, wuta ta samu, tarihi ma bai tafi duka ba. Ke nan ana iya haɗa biyun.

Yanzu ku dubi Minna. Asalinta garin Gbagyi ne a kan dutsen Paida, kamar yadda al'ummomi da yawa na yankin nan suka zauna a kan duwatsu a zamanin hare-hare, suka sauko bayan an samu kwanciyar hankali da zuwan jirgin ƙasa. Duk inda aka tashi an bar kufai, an bar kaburbura, an bar wuraren ƙira. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1976 yake faɗaɗa, kuma duk wanda yake bin hanyar Bida zuwa Gidan Kwano yana ganin yadda gonaki suke komawa filaye, filaye suna komawa gidajen haya na ɗalibai. Ga tifofi suna ɗibar jar ƙasa, ga masu fasa dutse, ga masu haƙar zinariya a dazuka. Ga mai neman ƙasar cike, tudu alheri ne, an riga an tara masa. Rabin yini katafila za ta yi ta share abin da ya shekara 600 yana jira, kuma direban bai yi da mugunta ba, babu wanda ya taɓa gaya masa.

Na san akwai masu cewa, kaburburan maguzawa ne, ina ruwanmu? Amsata biyu ce. Ta farko, adana wuri daban, bauta masa daban. Babu wanda ya ce a je a yi yanka ko a roƙi wani abu a gindin tudu. Ta biyu, waɗanda ke kwance a ciki mutane ne, kuma kakannin wasunmu ne. A tarbiyyar da aka yi mana, ko kabarin wanda ba ka sani ba ka gani ba ka taka shi, balle ka kwashe shi a tifa ka cike kwata. In ma har za a buɗe, sai da dalili, da izini, da sanin mutanen wurin, da hannun wanda ya iya. Sau da yawa ma mafi alherin abin da za a yi wa tudu shi ne a ƙyale shi. Kayan aikin bincike kullum ƙaruwa suke. Abin da aka gano a Mainz bayan 2007, Palmer ko a mafarki ba zai iya gano shi ba a 1907. Yau akwai na'urorin da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an sa diga ba, irin waɗanda 'yan jiyofiziks ɗinmu suke koyo don neman ruwa da ma'adinai.

To me ɗalibi zai iya yi? Ba sai ya zama masanin tarihi ba. Ya dai san alamu. In ka je aikin fili ko SIWES ka ga tudu a shimfiɗaɗɗen wuri wanda bai yi kama da suri ko dutse ba, ka duba ƙasan ƙafarka. Tsingaro da yawa a warwatse, kashin tama baƙi mai nauyi, dutsen niƙa, duwatsu jere a da'ira, toka-tokar ƙasa da ta bambanta da ta kewaye, rukunin tsofaffin kukoki a inda babu gari, duk waɗannan suna cewa an taɓa zama a nan. Kada ka tona, kada ka tsinci komai ka sa a aljihu don tsaraba. Ka ɗauki hoto, ka ɗauki lambar wurin da GPS ɗin wayarka, ka tambayi dattawan ƙauyen sunan wurin da abin da suka ji game da shi, don galibi sun sani. Ka gaya wa malamin da ke kula da ku da mai unguwa ko dagaci, a sanar da gidan tarihi. Abu ɗaya kuma, kada ka ɗora ainihin inda wurin yake a Facebook ko TikTok, don ba masu son tarihi kaɗai ke kallo ba.

Idan kuma Allah Ya sa gobe kai ne kake sa hannu, nan ne nauyin yake. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Kada ka bari shafin kayan tarihi ya zama wanda ake cikewa da "babu" daga ofis ba tare da kowa ya taka ƙasar ba. Karkatar da hanya 'yan mitoci a kan takarda, ko barin fili ɗaya ba a yanka ba a cikin sabuwar unguwa, abu ne mai sauƙi in an yi shi tun a zane. Bayan katafila ta wuce kuwa, ko nawa ka kashe ba ya dawowa.

'Yan aji biyar masu neman batun furojet, ga shawara kyauta: taswirar kufai da tsofaffin maƙabartu na ƙaramar hukuma ɗaya, Bosso ko Paikoro ko Shiroro, inda tsaro ya ba da hali, da hotunan tauraron ɗan'adam da ziyarar ƙafa da hirar dattawa, a miƙa kwafi ga gidan tarihi. Aiki ne na awo da taswira tsantsa, kuma zai yi amfani bayan an manta da makin da aka ba ka.

'Yan Katsina da ke cikinmu, musamman na wajen Mani, ku faɗa mana halin da tuddan nan suke ciki yanzu. 'Yan Neja kuma, Gbagyi da Nupawa da Kambari da Kamuku da sauranku, wane tudu ko kufai ne a garinku da aka hana ku noma ko wasa a kai tun kuna yara, kuma me aka ce muku dalili? Ku ba mu labarin, amma ku riƙe kwatancen.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.